Har Idona Ma Kauri Gare Shi

Ko na manta komai, ba na jin zan manta ranar da masu duba ido suka zo firamaren da nake koyarwa a Tudun Wada. Gwajin hawan jinin ido ne kyauta, aka ce duk wanda ya haura arba'in ya shiga layi. Na shiga, Malama Rahila tana gabana.

Bari in faɗi gaskiya, na daɗe ina kishin Rahila, ba don ta yi min komai ba. Tare muka fara aiki, haihuwarmu ɗaya, amma har yau siririya ce, komai ta sa sai ya zauna mata. Ni kuwa in na tare keke napep daga Kongo sai direba ya fara leƙen tayarsa (murmushi nake yi masa, amma Allah ya san abin da ke raina).

Likitar da ke cikinsu ta ɗiga mana magani, tana taɓa idon kowa da wani abu kamar biro. Ina ji ta ce wa Rahila tantanin gaban idonta siriri ne sosai, ta ba ta lambar wayarta, ta ce lallai ta same ta a asibiti ranar Litinin. Ni kuwa ana gama nawa sai cewa ta yi, "Malama, naki mai kauri ne, je ki abinki, sai baɗi."

Raina ya ɓaci. Wato har a cikin ido ma Rahila ce siririya? Ga shi a kunnena kaurin ido da tsaurin ido 'yan gida ɗaya ne. Na gyara mayafi, a gaban hedimasta da duk malamai na ce, "Likita, son kai ba kyau. Mu masu jiki ba mutane ba ne? Ni ma a ba ni Litinin ɗin."

Likitar ta yi min bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya, cewa siririn tantani yana sa na'ura ta nuna hawan bai kai yadda yake ba, ciwon ya yi ta cin jijiyar gani ba a sani ba, kuma mai shi ya fi shiga haɗari. Kaurin nawa, in ji ta, rufin asiri ne.

Sai a lokacin na dubi Rahila. Ta ce da ni a hankali, "Haka Mama ta fara. Yanzu jan ta ake yi zuwa coci." Na sani kuwa, don na sha zuwa gaishe ta. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ni na raka ta asibitin, aka ɗora ta a kan maganin ɗigawa na kullum, kuma har yau tana gani, alhamdulillahi. Ba ta taɓa tuna min da maganar ba, malaman ne dai ba su gaji ba. Yanzu kafin in yi kishin abin da wani ya samu, sai na fara tambaya ko ciwo ne.