Dolfin a Dam Ɗin Gubi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gano dabbar teku a Bauchi ba, garin da ko rafin kirki sai an nema.

Hadiza, 'yar ƙanwata, aikinta ƙidayar dolfin, wata dabba mai kama da ƙaton kifi, a gaɓar teku. Ba ganinsu take yi ba. Na'ura take zurawa cikin ruwa, ta saurari ƙas-ƙas ɗin da suke yi. Da ta zo hutu da sabuwar na'ura, sai ta ce in raka ta dam ɗin Gubi ta gwada ko tana aiki. Na yarda, domin a majalisarmu ta Ƙofar Dumi ni ake kira idan an yi gardama. (Shekara talatin ban taɓa faɗin abu an ƙaryata ni ba, kuma nakan tuna musu.)

Bayan sallar azahar muka shiga kwalekwale. Ta zura na'urar, ta ba ni wayar na'urar na riƙe, ta sa min abin ji a kunne, ta juya tana haɗa kwamfuta. Ni kuwa na ciro carbi.

Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Na tsaya in saurara da kyau, dabbar ta yi shiru. Na ce kunya gare ta. Na ci gaba da tasbihi, ita ma ta ci gaba. Nan take na kira Malam Sabo tela a salula, yana majalisa, na ce ya ƙara murya kowa ya ji.

"Ku shaida, akwai dolfin a Gubi. Da kunnena na ji."

Hadiza ta daɗe tana duban kwamfuta.

"Kawu, dabbar nan Musulma ce."

"Kamar yaya?"

"Talatin da uku ta huta, talatin da uku ta huta, sannan talatin da huɗu."

Ta dubi hannuna. Carbin da wayar na'urar duk a tafi ɗaya suke. Mai kwalekwale ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Malam Sabo kuwa bai kashe waya ba.

Har yau idan na iso majalisa sai wani ya ce, "Malam, ya mutanen ruwa? Sun idar?" Nakan ce suna gaisuwa.

Yanzu kafin in ba da shaida a kan abin da ke ƙarƙashin ruwa, nakan fara duba abin da ke hannuna.