Rasuwar Kawu Jimrau, Amalanken da Ya Yi Dakon Jirgin Nazira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ƙi zubar da hawaye a gaban masu jiran ganinsu, Nazira Halliru ta unguwar Hausare a Garwa, mai takardar shaidar kanikanci daga makarantar fasaha, wadda ta ƙera jirgin sama mai kujera ɗaya a bayan gidan mahaifinta, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da mahautan kwata, da duk waɗanda suka shekara uku suna dariya, rasuwar amalankenta, Kawu Jimrau. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan hanyar burji mai gangarawa bakin Binuwai, da jirgin a bayansa, saura taku dubu da 'yan kai ya isa yashi. Ya bar duniya yana da shekara ashirin da shida.

An haifi marigayin a rumfar André mai walda, mutumin Mokolo, daga ƙarafan wani tsohon gado da gindin wata mota da ta riga shi tafiya. Malam Halliru mahauci, mahaifin Nazira, shi ya sa aka yi shi, kuma shekara ashirin da uku yana ɗaukar nama daga kwata zuwa kasuwa. Babu mahaucin Garwa da bai taɓa ɗora masa cinya ko kan sa ba. Ya ɗauki na maigidansa, ya ɗauki na maƙwabta, ranar jajibirin salla ya yi sawu goma sha ɗaya bai tsaya shan iska ba. Duk unguwa ta san muryarsa. In hanya ta yi kyau yakan ce ƙiii-ƙwas, ƙiii-ƙwas, in ya faɗa rami ya ce gwaram, ya ci gaba. Matan gida da jin wannan suke ɗora tukunya.

Da mahauta suka samu keke mai ƙafa uku, sai aka jingine shi a gindin darbejiya, kaji suka mai da shi ɗakin ƙwai. A nan Nazira ta same shi, a shekarar da ta gama haɗa jirginta ta gano abin da babu littafin da ya gaya mata: jirgi ba ya tashi daga tsakar gida. Filin da ya miƙe sosai, wanda babu mai korar ta daga kansa, shi ne yashin da Binuwai ke bari in ruwa ya janye da rani, kuma tsakaninsa da gida kilomita bakwai ne. Ƙafafun jirgin kuwa tayoyin baro ne, ba su san kwalta ba balle burji. Ta je wurin masu manyan motoci, suka ce ba sa ɗaukar abin da zai sa a nuna su da baki. Ta dawo ta kori kajin.

Ga yadda marigayin yake aikinsa, domin masu cewa ai ba wani abu ba ne su ji. A cire fukafukai biyu, a naɗe kowanne da tsofaffin katifu biyu, a ɗaure su a gefe da gefe. A ɗaga gangar jirgin a ɗora, wutsiya gaba, hanci baya, domin nauyin inji ya zauna a kan tayoyin amalanke, sannan a ɗaure ƙafafun da kusoshi huɗu. Daga nan Pélagie, ƙawar Nazira tun aji ɗaya, ta maƙala shi a babur ɗinta ta ja, Nazira na biye a ƙasa tana riƙe da igiya saboda gangara. Haka jirgin ya ratsa Garwa sau goma sha huɗu da baya da baya, kamar surukin da ke fita daga ɗakin surukarsa. Masu shayi na bakin kasuwa ba su taɓa fashi ba.

"Nazira, jirgin naki ya fasa tafiyar ne, yake komawa?"

"Pélagie, a hankali, kar ki tashi da mu!"

Nazira ba ta taɓa amsawa ba, don ba da su ta yi karatu ba. Marigayin ne kawai yake cewa ƙiii-ƙwas, kuma a ganinta amsar ta ishe su.

Yana da aibi ɗaya, iyali ba za su ɓoye ba. Ƙarnin nama na shekara ashirin da uku bai bar jikinsa ba. An wanke shi da omo, an wanke da toka, an goge da lemun tsami, ya bushe ya koma yadda yake. Saboda haka duk fitar da zai yi karnukan unguwa uku ke raka shi, ungulaye kuma suna shawagi a sama tun daga kasuwa har bakin kogi. Malam Halliru ya taɓa tsayawa a ƙofar gida ya ɗaga kai ya dube su, ya ce, "Uwata, ga malamanki can sun zo darasi. Su dai ba su nemi katifa ba." Nazira ta rubuta wannan magana a bangon ɗakinta don kada ta manta ranar da za ta mayar masa da martani.

Haƙurinsa ba ya misaltuwa. Ya taɓa tsayuwar awa biyu a ranar watan Afrilu a wani shingen hanya, yayin da wani jandarma ke juya takardun Nazira yana neman sanin ko mota ce ta ɗauko jirgi ko jirgi ne ya hau mota, har a ƙarshe ya ce, "Madmazel, wuce, amma in kin tashi kar ki bi ta kan gidana." Ya kai jirgin yashi ranar da injin ya ƙi tashi, ya dawo da shi. Ya kai shi ranar da garken shanu ya riga su kwanciya a tsakiyar fili, makiyayin ya ce su ma gwaji suke yi. Ya kai shi ranar da jirgin ya yi gudu har wutsiya ta ɗaga, sai tayar hagu ta cire ta wuce jirgin, ta shiga ruwa ita kaɗai. A duk waɗannan ranaku mutane sun koma gida da labari, shi kuwa ya koma da kaya. Ko sau ɗaya bai tambayi Nazira yaushe za a gama ba, abin da ba za a iya faɗa game da ko mutum ɗaya a danginta ba.

Ciwon ajali ya fara ne a bara, da ɗan karkata zuwa hagu. André ya duba, ya ce tsatsa ta ci sandar da ke riƙe tayoyi, ya yi masa walda sau uku, a na ukun ya ce, "'Yata, yanzu walda nake yi wa walda. Wannan tsoho hutu yake so." Muryarsa ta sauya, ƙwas ɗin ta ɓace, sai ƙiii mai tsawo. Nazira ta ƙara masa man giris, ta rage masa katifa ɗaya, ta roƙe shi sawu ɗaya tak. Ranar Talata ya fita da ƙarfinsa, ya wuce kasuwa, ya wuce shinge, ya sauka daga kwalta. A gangaren ƙarshe, inda ake fara hango farin yashi, ya ce ƙiii, ya ce ƙas, ya durƙusa a hankali ta gefen hagu. Ko a faɗuwarsa bai bari fiffike ya taɓa ƙasa ba.

Ya bar jirgi ɗaya, mai shekara uku, wanda bai taɓa barin ƙasa ba. Ya bar tayoyi biyu da ba su taɓa zama iri ɗaya ba, da katifu uku, da igiya, da Pélagie wadda har yanzu take waiwaye in tana tuƙi. Ya kuma bar Nazira cikin halin da ya kamata jama'a su sani. Tun farkon rani Malam Halliru ya yanke magana a gaban shaidu: in ruwa ya rufe yashin bana jirgin bai ɗaga daga ƙasa ko da kamu ɗaya ba, fukafukan sun zama na shanyar kilishi. Ba wasa yake yi ba. An gan shi yana auna su da taƙi, yana gyaɗa kai, yana cewa kowanne zai ɗauki naman sa guda. An yi ruwa sau biyu a makon jiya, masunta sun ce kwana bakwai ya rage yashin ya nutse, in an yi sa'a takwas.

Tun ranar Talata, yau kwana uku ke nan, Nazira take yini a gindin marigayin da laima, tana korar awaki daga katifu. Ta aika wa mahautan kwata su zo su kama mata jirgin zuwa yashi, suka aiko cewa hannunsu ba zai taɓa abin da zai ɗauki 'yar Halliru sama ya sako ta ba. Ta karɓi wannan amsa, ba ta kuma roƙo ba, ba za ta kuma ba. Amma da labarin rasuwar ya kai kwata, sai ga su suna zuwa bibbiyu, suna tsayawa a kan Kawu Jimrau suna shafa ƙarfensa. Wani dattijo cikinsu har da share ido, yana cewa a kansa ya kai naman walimar aurensa. Dukansu sun yarda cewa bai kamata a bar shi a bakin hanya masu gwangwan su yanka shi ba, kuma duk wanda ya taɓa cin arzikin bayansa wajibi ne ya sa kafaɗa a kai shi makwanci.

Saboda haka iyali suna sanar da tsarin rakiya kamar haka. Za a taru gobe Juma'a da ƙarfe shida na safe a inda ya faɗi, kafin rana ta yi zafi, kafin kuma iska ta juya. Limamin unguwa ya riga ya bayyana cewa ba a yi wa ƙarfe salla, iyali sun ji sun bi, ɗauka ce kawai. Makwancin da aka zaɓa masa shi ne ƙarshen yashi ta gabas, inda ya saba tsayawa a sauke masa kaya. Ana bukatar maza goma sha shida masu kafaɗa, an tanadi gora huɗu masu kauri da gammo, a riƙa karɓar juna kamar yadda aka saba, kada kowa ya ɗauka shi kaɗai ya kwashe lada.

Masu rakiya za su lura cewa jirgin yana nan a kan marigayin. Iyali suna ba da haƙuri. Faɗuwar ta murɗe kusoshin nan huɗu, kuma André, wanda aka roƙa ya duba, ya duba daga inda yake tsaye ya tabbatar ba za su kwantu ba sai a kan yashi. Duk mai shakka yana iya kawo sifanarsa, sai dai Pélagie ce za ta riƙe masa ita har a gama.

An keɓe wa Malam Halliru gaba ta hannun dama, a matsayinsa na wanda ya fi kowa daɗewa da marigayin. Ya amsa zai zo, da sharaɗin a rubuta a wannan sanarwa cewa shi amalanke zai ɗauka, abin da ke kansa ba ruwansa da shi. An rubuta.

Za a raba ruwan sanyi da ƙosai a bakin kogi. Ba a karɓar gudummawa, ba a son kuka mai sauti. Bayan an sauke marigayin an ɗaura fukafukai, ana roƙon masu ta'aziyya su koma gefe taku hamsin, su kama yaransu, kowa ya dafe hularsa.