Mijin Sa'a Mai Ƙwaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa raba ni da Sa'adatu ba. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gaisuwa na je wurin mahaifinta, Malam Habu, a wani ƙauye gefen Ɗanbatta. Daga zaman nan zai yanke ko ya ba ni ita ko ya hana. Na durƙusa a zaure, ƙannensa biyu na gefe suna ɓarar gyaɗa. Ya ce, "To yaro, mece ce sana'arka?"

Da na ce bincike nake a jami'a na yi shiru, ai da an wuce wurin. Ina! Sai iyayi ya motsa (Allah wadaran iyayi). Na gyara murya na ce, "Baba, harkar ƙwaya nake. Da kanmu muke rainonta."

Ɓarar gyaɗa ta tsaya cak. Ni kuwa, sakarai, na ɗauka burge su na yi, na ƙara da cewa, "Malaminmu ma ya ce duk ajinmu ba wanda ya kai ni iya sarrafa ta."

"Innalillahi!" in ji ɗaya daga cikin ƙannen Malam Habu. "Yaya, a zaurenka yake faɗa, ko kunya babu!"

Sai a lokacin na gane. Na shiga rantse-rantse: ba ta maye ba ce, ƙwayar halitta ce ta jikin mutum, ta asali, wadda ba ta riga ta zama komai ba. Ka ɗora ta kan abu mai tauri, ta nufi zama ƙashi. Kan mai laushi, ta zama kitse. Ka riƙa miƙa ta, ta koma tsoka.

Malam Habu ya gyara zama. Ya ce, "Wato kamar gyaɗa, ta jigawa daban, ta laka daban. Shi ne kake wannan kumfar bakin? Tashi ka je, za mu bincika."

Wata huɗu suna bincikena! Har unguwarmu aka aika a tambayo ko ina layi a hanya. An ba ni ita dai, amma yau duk garin "mijin Sa'a mai ƙwaya" ake ce min, har limamin da ya ɗaura auren.

Abin da ya fi ƙona min rai, ƙwayar nan da ba ta da ƙwaƙwalwa tana jin irin wurin da aka ajiye ta. Ni da digirina aka ajiye ni a zauren suruki, na kasa. Yanzu in babba ya tambayi sana'ata, "malanta" nake cewa, in tsuke bakina.