In Da Sauƙi Danna Ɗaya

Laifina ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja babban likita har rugar Baffa Jaɓɓi don a yaba mini ba.

Ina aiki a wata ƙaramar asibiti ta ƙauye, kusa da Cadawa. Bara aka kawo mana tsarin bibiyar masu hawan jini ta salula. Duk mako waya za ta kira majiyyaci, murya ta tambaye shi, ya danna lamba. Wanda ya danna ɗaya sunansa ya yi kore a kwamfutar buro, wato ofishinmu, wanda ya danna biyu ya yi ja, sai a bi shi gida. Ni aka ba ɗaukar muryar (wai ta yi kama da ta 'yan rediyo, ni ma ban musa ba). Na gyara maƙogwaro na ce: "Salamu alaikum, ya jiki? In da sauƙi danna ɗaya. In babu sauƙi danna biyu."

Wata uku allon nan kore shar. Har tafiyata ta sake.

Madam Rabi, ma'aikaciyar jinyarmu, wadda ta fara aiki tun ina lakol, ɗan makaranta, ta leƙo wata rana ta ce, "Malam Sani, wanga koren naka bai kwanta mini ba. Ka hau moto, babur ɗin nan naka, ka je ka ga mutanen nan da ido."

Raina ya ɓaci. Ni za a koya wa aiki? Na rubuta a rahoto cewa "wasu ma'aikata suna adawa da ci gaba". (Har layi na ja ƙarƙashin "wasu". Mu biyu ne kawai a wurin.)

Da babban likita ya zo zagaye, na ce sai ya ga gwarzona: Baffa Jaɓɓi, dattijon makiyayi, bai taɓa ƙin ɗaga waya ba, bai taɓa yin ja ba. Ina gaba, likita da Madam Rabi na biye, ina ta zuba bayani.

Muka tarar da shi kwance a tabarma, ƙafafu sun kumbura sun yi suntum, numfashi sama-sama. Kwana ashirin ke nan maganinsa ya ƙare. Salular na gefen kansa.

Maimakon in ji tsoron Allah, sai na hau faɗa. "Haba Baffa! Kana haka, don mi kake danna ɗaya?"

Ya dube ni a hankali. "Ɗana, gaishe ni kake yi, ni kuma ina amsawa. A ce maka ya jiki, ka ce babu sauƙi? Ai wannan butulci ne ga Allah."

Likita ya juyo. "Wane ne ya tsara tambayar nan?"

Madam Rabi ta dube ni. Ni kuma na dubi akuyar Baffa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ba baƙo ba ne. Nan aka haife ni. Mahaifiyata tana gadon ajali, in ka tambaye ta, "da sauƙi" take cewa. Na sani sarai, amma na zauna a buro ina ƙirga ladabin mutane ina kiransa lafiya. Kuma wanda ya tsara injin daga can birni, ko sau ɗaya bai tambayi yadda muke gaisawa ba!

A motar likita aka kai Baffa asibitin Gazawa. Ya rayu, ba don wayona ba. Tambayar yanzu ta koma: "Ƙwaya nawa ta rage maka?" Allon ya yi jajur, ni kuma kullum ina bisa moto.

Baffa ya gafarce ni tun kafin in rufe baki. Wajen Madam Rabi ne na yi kwana uku ina kewaye. Rana ta huɗu na same ta tana wanke hannu, na cire hula na ce:

"Yaya Rabi, 'wasu' ɗin nan da na rubuta, ke ce. Ke kika yi gaskiya, ni ne sakarai. Ki yafe mini. In kuma ba ki huce ba, don Allah kada ki ce mini ba komai."