Kwamiti Ya Cinye Wadda Nake Ƙara

Yau da hantsi na fita duba waken da na shuka a bayan gida, sai na tarar motocin manya sun yi sahu a kansa. Madalla, ashe ƙorafina ya karɓu.

Ga yadda aka yi. An dasa mana gidan haya a tsakiyar gonakinmu nan Ungogo, wani Najib ya taso daga birni da akuyoyinsa ya kama ɗaki. To kowa ya san in damina ta sauka, dabba turke take komawa sai an yi girbi. Na faɗa masa da lalama, sai ya ce, "Haba Baba, dabba ma tana son shan iska." Suka sha iskar, suka haɗa da rabin wakena. Waken nan kuwa shi nake sa ran iyalina za su ci da rani.

Maƙwabcina Iliyasu ya ce in kai ƙara Kwamitin Sasanta Maƙwabta. Na yi ta zarya har takalmina ya tsinke, kullum sai a ce shugabansu, Mai Girma Sarkin Za-a-duba, yana taro. Sai yau Allah Ya kawo shi da tawagarsa. Da yake mutum ne mai son ganin ɓarna da idonsa, a kan ɓarnar ya ajiye mota.

Najib ba wawa ba ne. Ya ce manyan baƙi ba sa tafiya haka, nan take ya kayar da jar akuyar, wadda ta fi ɓarna. Aka yi binciken a kan tabarma, da yaji.

Bayan la'asar Mai Girma ya suɗe hannu ya ce, "Malam, ina wadda kake ƙara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ƙashinta nan a gabanka."

Ya ce, "To ka gani, mun kawar da matsalar. An kashe magana." Jama'a suka tafa. Ni kuwa wallahi ƙwalla ce ta cika min ido, don da motocin suka juya, ko kunyar wake ɗaya ba su bar min a tsaye ba.

Amma ban ce ba su da kirki ba. Sarkin Za-a-duba ya leƙo ta tagar mota, ya ƙare wa sauran akuyoyin kallo, ya ce in sun sake shiga gonata kada in ji nauyin kowa, in zo da wuri.