Karen da Na Zaɓo a Malumfashi

Da aka sace mana akuya ta biyu, na ce wa matata Hajiya ta kwantar da hankalinta, ni na san karnuka. A kasuwar Malumfashi na zaɓo wani dogo siriri a hannun wani mafarauci.

Ya ce, "Malam, wannan na daji ne, ba na gadi ba."

Na ce, "Kare ai kare ne."

Wata uku yana raka ni gona, muka shaƙu. Ranar da mafarauta suka buga ganga a bayan gari, ya tsallake danga, ko waiwaye bai yi ba.

Har yau nakan ajiye masa ƙanzon tuwo. In baƙo ya yi sallama, Hajiya sai ta ce, "Malam na waje, yana gadin kaskon karensa."