Rasuwar Rakodar Malam Ɗayyabu, Ma'ajiyar Asalin Unguwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya gaji da gargaɗi, Malam Ɗayyabu na Bayan Injin Casa, Talata Mafara, yana sanar da rasuwar rakodarsa, ranar Laraba bayan la'asar, tana da shekara talatin da huɗu.

Marigayiyar ba ta taɓa ƙari ba, ba ta taɓa ragi ba. Kullum aka danna ta sai ta ce "ƙyat", ta yi "shiii", sannan muryar marigayiya Inna Taiba, ungozomar unguwa, ta fito daga kaset tana lissafo wanda ya haifi wane, da ƙauyen da ya baro daga Bakura ko Maradun ya zo aikin inji. Mafi girman amanarta shi ne sanin wadda ta shayar da ɗan wata, domin a kakar shinkafa mata kan bar jarirai hannun maƙwabta su tafi aikin turara ta. Ba a sa ranar aure a unguwar sai an saurare ta. Ta hana aure biyar tsakanin 'yan'uwan nono, ba wanda ya gode mata.

Ta jima tana jan murya. Sanusi mai inji, wanda yake ganin duk abin da ke juyawa mai yake so, ya ɗura mata man gyaɗa. A ranar ajalinta dangin Tijjani da na Hidaya suna zaune a zaure don sa ranar aurensu, Inna ta kawo kan shekarar da aka haife su, ta ambaci sunan Tijjani, sai rakodar ta ce "ƙirrr", ta tauna zaren kaset ɗin, ta yi shiru.

Ta bar kaset goma sha ɗaya, da batir huɗu, da samarin unguwa masu manyan wayoyi. Shekara goma Malam yana roƙonsu su kwafe muryar Inna; wayoyin sun cika da hoton abinci.

Za a kai gawar wurin mai gyara ranar kasuwa, ba tare da Sanusi ba. Za a naɗe zaren da biro a zaure bayan azahar. Masu ta'aziyya su riƙe goronsu, su zo da tsohuwar da ta tuna. Tijjani kuwa, har a ji ƙarshen maganar Inna, ya riƙa gaida Hidaya daga bakin ƙofa, kamar yadda wa ke gaida ƙanwa.